Allon Da Ya Kori Sauro A Layinmu

Jama'a, ku taya ni jaje, na yi asarar takalmi. Ba ɓarawo ne ya ɗauke ba, ba kuma tsinkewa ya yi ba. Ruwa ne ya cinye mini na ƙafar hagu a ƙofar gidana, da rana tsaka, na ci ado zan tafi duba jikata. Akwai bulullukan da muka jera muna takawa mu tsallake ruwan da ya kwanta a layinmu, to ranar sai na tsakiya ya juye da ni. Ƙafa ta nutse har ƙwauri, na zaro ta da ƙyar, ta fito ita kaɗai. Na ɗaga kai in ga ko wani ya ga abin kunyar nan, sai muka haɗa ido da Mai Girma Mai Almakashi, yana yi mini murmushi daga kan allonsa. A ƙarƙashin hoton nasa an rubuta da manyan baƙaƙe: MUN KORI SAURO DAGA WANNAN LAYI.

Ni dai gyaran fanka da dutsen guga ne sana'ata, ban karanci mulki ba, don haka in na yi kuskure manya su yi mini afuwa. Amma bari in ba ku labarin allon nan daga tushe.

Bara ne, dab da faɗuwar damina, muka wayi gari an kafa rumfuna a bakin layi, an jera kujerun haya, lasifika tana ta gwaji. Aka ce bikin ƙaddamar da yaƙi da sauro za a yi. An raba riguna masu hoton sauro an ja masa jan layi a wuya, kodayake rigunan sun ƙare a kan waɗanda suka zo cikin motoci. Mai Girma ya iso bayan rana ta gama gasa mu. Sunan da muka sa masa ke nan, Mai Almakashi, domin tunda muke ba mu taɓa ganinsa da wani kayan aiki a hannu ba sai almakashi. Ya yanka ƙyalle, aka yi tafi. Ya ce daga yau an ba sauro notis. Aka kawo gidan sauro sabo fil a cikin leda, ya miƙa wa wata tsohuwa aka ɗauki hoto, aka karɓa aka miƙa wa wata aka ɗauki hoto, haka ya zagaya tsofaffin layinmu kaf, sannan aka mayar da shi but ɗin mota. Wallahi ban taɓa ganin gidan sauron da ya yi wa mutane da yawa hidima cikin ɗan lokaci kamar wannan ba.

Sai maganar inda za a kafa allon tunawa da wannan rana. Wani jami'i mai baƙin tabarau ya yi ta kai da komo yana leƙe ta kyamara, ya ce wurin da masu wucewa a mota za su fi ganin fuskar Mai Girma shi ne daidai kwanar layi. Kwanar layin kuwa nan ne kwatarmu take bi ta faɗa babbar magudanar titi. Aka kira maƙwabcina Birkila aka ba shi aikin. Birkila mutum ne da ba ya ha'inci, wannan shi ne laifinsa. Ya cika cikin kwatar da kankare tun daga wannan baki har wancan, ya dasa ƙafafun allon a ciki, ya shafe sumul. Har yau in ka taɓo zancen sai ya buga ƙirji ya ce, "Ni na zuba shi. Ko babbar mota ta doke shi, motar ce za ta ji jiki."

Da damina ta sauka, ruwa ya gangaro kamar yadda ya saba, ya tarar da babban mutum tsaye a kan hanya. Ya yi abin da duk mai tarbiyya zai yi, ya tsaya. Na bayansa ya zo shi ma ya tsaya. Kafin a ce haka mun samu tafki a ƙofar gida, kore shar, da kwaɗinsa da warinsa. Sauro kuwa, da alama notis ɗin bai kai gare su ba, ko kuma ba su iya karatu ba. Suka tare da iyalansu. In ka leƙa ruwan da safe za ka ga tsutsotsinsu suna ta wutsil-wutsil a inuwar allon, don nan ya fi sanyi.

Kada ku ce manya kawai nake gani, mu ma muna da namu halin. A layinmu ba a rashin lafiya iri biyu. Kai ya sara, maleriya ce. Ciki ya murɗa, maleriya ce. Mutum ya faɗo daga kan babur, a ce dama akwai maleriya a jikinsa. Sai a nufi kemis a ce, "Haɗa mini." A haɗo maka ja da fari da ruwan ɗorawa a ƙulle a leda, ka sha na yau da na gobe, jiki ya ɗan saki, ka ajiye sauran a saman firij saboda baƙo. Sista, tsohuwar nas da ta yi ritaya take zaune a ƙarshen layi, bakinta har ya gaji. Kullum maganarta ita ce a yi gwaji kafin a sha magani, in an fara a shanye shi duka, a kwana cikin gidan sauro, a kifar da duk abin da ke tara ruwa. Mu kuma mu ce, "Gaskiya ne, Sista, Allah ya saka," mu wuce kemis.

To, akwai jikata, 'yar 'yata ta fari. Aku muke ce mata, domin tun da ta buɗe baki ba ta rufe ba. A wurinmu take zaune saboda iyayenta duka suna fita aiki. Da safe ta biyo ni shago ta hau kan benci, ta yi wa kowace fanka tambaya. "Kaka, wannan me ya same ta? Kaka, me ya sa kake gyara fanka alhali babu wuta?" Wannan tambayar ta biyu har yau ina neman amsarta. Ni da na tsufa, yarana duk sun watse, surutun yarinyar nan shi ne abin da ke sa gidan ya zama gida.

A daminar bana, ranar da zazzaɓi ya kama ta, Maman yara, wato mai ɗakina, ta miƙa hannu saman firij. Allah ya kawo Sista aron dutsen guga a daidai lokacin. Ta taɓa goshin yarinyar, ta dubi kwalbar da ke hannun Maman yara, ta ce, "Wannan na wane ne?"

"Ragowar na wancan karon ne."

"Da kun ba ta shi duka a wancan karon, da babu ragowa. Ajiye. Ku ɗauko ta mu tafi a gwada jininta yanzu."

Gwaji ya nuna maleriya ce, ta gaske wannan karon, kuma ta yi ƙarfi. Aka kwantar da ita aka sa mata ƙarin ruwa. Na zauna a gefen gadon ina kallon ɗan hannun nan da allura a jiki. Na ce, "Aku, ga Kaka." Ta buɗe ido ta dube ni ta mayar ta rufe, ko kalma ɗaya. Jama'a, na ji tsoro. Ban taɓa jin tsoro irin na ranar ba, kuma ba na jin kunyar faɗa.

Allah ya ba ta lafiya. Amma ranar da aka sallame ta, uwarta ba ta kawo ta gidanmu ba. Ta wuce da ita gidan kakanta na wajen uba, surukina, wanda gidansa ke kan tudu, ƙofarsa a bushe ƙamas. Mutumin kirki ne, ba ni da abin faɗa a kansa, sai dai yana da wata irin gaisuwa da ke ƙona mini rai. Can nake nufa ranar da ruwa ya ci takalmin nan. Na koma ciki na ɗauraye ƙafa, na zura silifas ɗin Maman yara, na tafi a haka, bakin wandona jiƙe.

Surukina ya tarbe ni da fara'a, ya dubi ƙafata, ya ce, "Sannu da zuwa, Malam. Ya ruwa? Ya mutanen cikin ruwa?"

Na ce lafiya lau, na haɗiye sauran.

Aku ta sheƙo da gudu ta rungume ni, ta rame amma bakin ya dawo. "Kaka, me ya sa ka sa takalmin Kaka mace? Kaka, yaushe zan koma gidanmu?"

Na dubi uwarta. 'Yar da na haifa, ta sunkuyar da kai cikin ladabi, ta ce, "Baba, ka yi haƙuri. Ba zan iya sake ganinta a kan gadon nan ba. Duk ranar da ka zo nan da busasshiyar ƙafa, ka tafi da ita."

Ban yi fushi ba, don gaskiya ta faɗa. Washegari na rufe shago na nufi ofisoshin manya.

A ofishi na farko na tarar da Yallaɓai Babban Mai Duba Lamarin yana duba wayarsa. Na yi bayani tiryan-tiryan: ga kwata, ga kankare, ga ruwa, ga yara suna kwanciya. Ya saurare ni da kyau, Allah ya sani. Ya ce su aikinsu ruwa mai tafiya ne, ruwan da ya tsaya na wani ofishi ne. Na je wurin masu ruwan da ya tsaya, suka ce tunda allo ne ya tsayar da shi, sai masu kula da alluna. Masu alluna suka ce su kafawa suke yi, ba a taɓa ba su umarnin cirewa ba tunda aka buɗe ofishin. Suka tura ni wurin masu yaƙi da sauro. A can ne wani mai taushin murya ya tambaye ni sunan layinmu, ya yi murmushi, ya ce, "Ai Baba, ku an gama da ku tun bara. Layinku babu sauro. Har allo aka kafa."

Na nuna masa dantsena duk cizo. Ya duba, ya ce wataƙila baƙin sauro ne daga wani layi.

Na dawo na zube a bencin Tela, maƙwabcina na hagu, wanda bai taɓa rasa shawara ba. Ya dakatar da keken ɗinkinsa ya ce, "Kai ma da gangan. Ka je kana yi musu zancen yara da zazzaɓi, wa ya aike ka? Koma ka ce ruwa yana fallatsa wa hoton Mai Girma taɓo a fuska."

"Kai Tela, ka ji tsoron Allah."

"Ƙarya na yi? Dubi kumatunsa."

Na duba. Gaskiya ne, duk babur ɗin da ya wuce sai ya yi wa Mai Girma kwalliya. Na koma wurin masu alluna na faɗa musu haka, cikin jimami, har da girgiza kai. Jama'a, ba ku ga yadda ofishin nan ya motsa ba! Wanda ke gyangyaɗi ya farka, aka ba ni kujera, har aka tambaye ni ko zan sha ruwa. Aka ce in je gida, gobe-goben nan za a ɗauki mataki.

Kuma suka cika alkawari, a yaba musu. Da hantsi sai ga tankar ruwa guda ta shigo layinmu da ma'aikata da dogayen burushi. Suka wanke fuskar Mai Girma da sabulu tas, suka ɗauraye, suka goge har tana ƙyalli. Ruwan da ya rage a tankar kuma, don kada a koma da shi, suka juye mana shi a wurin. Tafkinmu ya ƙaru har ya taɓa dokin ƙofar Tela. Na leƙa shagonsa na ce, "Mai shawara, ya aiki?" Ya ci gaba da taka kekensa.

Maman yara ce ta kawo ƙarshen zancen. Tunda aka tafi da Aku ba ta cika magana ba, sai dai in gan ta tana ninke 'yan kayan yarinyar tana warwarewa. Da safe ina shirin fita sai na ga ta ɗaura ɗamara ta ɗauko taɓarya.

"Ina zuwa haka?"

"Wurin Mai Girma."

Na bi ta da sauri, Tela ya fito, Birkila ya fito. Tela ya ce, "Hajiya, rufa mana asiri, kayan hukuma ne. Wanda ya taɓa allon nan sai ya kwana a bayan kanta."

Ta ce, "Wa ya ce zan taɓa allo? Ya yi ta tsayuwarsa har tashin duniya. Ƙarƙashin ƙafarsa zan huda ruwa ya wuce. In kuma ku mazan layin nan kun fi so ku tsaya kallo, ku matsa mini." Ta juya kan Birkila. "Kai ka toshe, kai ka san inda ya fi laushi."

Birkila ya ji zafin wannan magana. Ya ce, "Laushi? Aikina? Hajiya, babu inda ya yi laushi." Ya shiga gida ya fito da babbar guduma da diga, wai don ya nuna mata. Ya cire riga ya shiga ruwan har gwiwa. Duk dukan da ya yi sai ya tsaya ya ce, "Kun gani? Ko gezau. Haka ake zuba kankare." Mu kuma muna cewa, "Sai kai, Birkila, ƙara masa." Da ya gaji na karɓa, da na gaji Tela ya karɓa yana waige-waige. Mata suka fito da shebur da bokitai suna kwashe ledoji da gorunan roba da suka taru a gindin. Sista ta samu abin da take nema shekara da shekaru, ta bi gida-gida tana kifar da tsofaffin tayoyi da gwangwanaye, tana sa a rufe randuna da durom. A bayan shagona kaɗai ta zaƙulo murafun fanka cike da ruwan sama da tsutsotsi, ta ɗago ɗaya ta nuna mini a gaban jama'a, ta ce, "Wannan ma Mai Girma ne ya kafa?" Na ce a'a, wannan nawa ne.

Rana ta karkata kafin diga ta fasa zuwa ɗaya gefen. Ruwan ya yi wata ƙara, ya fara zurarewa ta ƙarƙashin ƙafafun Mai Girma, da farko a hankali, sannan da gudu. Aka yi shewa. Birkila kaɗai ne bai yi murna ba, ya tsaya yana shafa bakin ramin kamar mai jinya. Allo kuwa yana nan tsaye, murmushin bai ragu ba.

Ban yi gaggawa ba. Na bari ƙasa ta bushe, Maman yara ta wanke gidan sauron da muka saya tun tuni muka ajiye a ƙasan akwati saboda wai yana hana iska, ta ɗaura shi a kan gadon Aku, na toshe hujin ragar taga. Sannan na sa wankakkun kaya na hau tudu. Surukina ya buɗe baki zai ce ya ruwa, na ɗaga masa ƙafa tun daga nesa. 'Yata ta duba, ta yi dariya har da hawaye, amma ba ta yarda da ƙafa kaɗai ba, sai da ta biyo ni ta ga layin da idonta, ta leƙa ɗaki ta ja gidan sauron ta ga ya sauka har ƙasa. Sannan ta ce, "To, Baba. Amma in jikinta ya yi zafi, ko kaɗan ne, gwaji. Ba saman firij ba." Maman yara ta ce ai saman firij yanzu sai ƙura.

Aku ta dawo. Tun daga kwanar layi ta fara. Ta tsaya a gaban allon ta ɗaga kai.

"Kaka, wane ne wannan?"

"Shi ne ya kori sauro."

"Da me ya kore su?"

"Da almakashi."

"Kaka, ƙarya ba kyau."

Na ce haka ne, na kama hannunta muka taka busasshiyar ƙasa har cikin gida. Ta hau bencinta ta dubi fankokin da suka taru ba ta nan, ta shiga yi musu tambayoyi ɗaya bayan ɗaya. Na juya baya kamar ina neman sukundireba, don kada ta ga idona.

Shekaranjiya sai ga jami'in nan mai baƙin tabarau da kyamararsa. Ya ɗauki hoton kwata a bushe, ya ɗauki allo, ya tara mu ya yi mana albishir. Ya ce rahoto ya nuna zazzaɓi ya ragu a layinmu, wanda ke tabbatar da cewa allon ya yi aiki, saboda haka Mai Girma ya amince a kafa irinsa a kowane layi. Muka yi tafi, don mu mutane ne masu godiya. Birkila har ya matsa yana tambaya ko an ba da aikin kankaren, Maman yara ta kalle shi sau ɗaya ya koma baya.

Saboda haka, mai karatu, in ka ga an sauke buhun siminti a bakin kwatarku, kada ka ɓata takalminka a ofisoshi. Ka tanadi gidan sauro, ka kifar da gwangwanayenka, ka zo in ara maka diga. Af, na manta ban gaya muku ba, da ruwa ya janye an tsinci takalmin nawa na hagu a gindin allon, da ɗan kwaɗo a ciki. Na kawo shi gida da murna, sai Maman yara ta ce ai na daman ta jefar tun tuni, wai me za a yi da takalmi ƙafa ɗaya.